Daminar da Muka Yi Noma da Asuba

Tun da ciwon gwiwa ya matsa mini, ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya kawo ni gidansa a unguwar Zango cikin Damagaram, na saba da abubuwa da yawa. Na saba da shinkafa dare da rana, na saba da ƙarar kabu-kabu a bakin ƙofa, na saba da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ana tsakiyar hira. Abu ɗaya ne har yanzu ya ƙi zauna mini, shi ne shirun asuba. Idona yakan buɗe tun ladan bai taɓa lasifika ba, in zauna a bakin gado in kasa kunne. Ba turmi, ba guga, ba kukan jaki, ba muryar wata uwa tana yi wa 'yarta faɗa. Ɗana yakan fita masallaci, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma da ya dawo sai ya koma shimfiɗa har lokacin tafiya aiki biro ya gabato. Jikokina kuwa sai an yi da gaske. Sun raba dare suna latsa salula, in uwarsu ta buga musu ƙofa su yi sallah ido rabi a rufe su sake faɗawa kan katifa. Sau da yawa a daidai wannan lokacin ne famfo yake kawo ruwa a unguwarmu, don kowa ya san halin ruwan Damagaram, sai sa'ad da ya ga dama yake zuwa. Ni nake jan ƙafa in jera bido, jarkokin ruwa, in tara. In rana ta fito famfo ya ɗauke, sai ka ji maƙwabta suna cigiyar 'yan garuwa suna cewa yau ma ba a kawo ba. An kawo, suna barci.

Ƙauyen da aka haife ni yana can gabas da Mirriya, wajen Zermu, a gindin wata doguwar jigawa. A can ba agogo ke tashin mutum ba. Zakara zai yi cara ta farko, wannan ta tsofaffi ce da masu goyo. Kafin ya sake, sai ka ji tari daga ɗakin wani dattijo, ka ji an janye asabari, ka ji ruwan buta yana zuba a kan yashi. Daga nan ladan ya hau kututturen da ke gefen masallaci ya yi kira da muryarsa kawai, kuma tana kaiwa har bayan gari, don babu wata ƙara da za ta tare ta. Ana sallamewa turame za su ɗauka. Kowane gida da irin bugunsa. Ina kwance zan iya gaya maka wannan taɓaryar matar maƙeri ce, don takan yi tafi tsakanin bugu da bugu, waccan kuma ta gidan liman ce, mata biyu suna lugude. Gidan da aka ji shiru, kafin hantsi wata ta leƙa ta ce, “Lafiya kuwa? Yau ba mu ji ku ba.” Haka ake gane mara lafiya, haka ake gane wadda naƙuda ta kama, haka kuma ake gane gidan da hatsi ya ƙare, a aika musu da ƙwarya a rufe ba tare da an yi magana ba. Yanzu injin niƙa ya karɓi aikin turmi, kuma ban ce bai kyauta ba, kafaɗun mata sun huta. Sai dai maƙwabciyata ta nan Zango ta yi kwana da kwanaki a kwance ban sani ba, sai da na ga ana shiga da ita mota.

Mu a gidanmu Kaka ce mai tashin mutane, mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana, Inna kuwa ba ta taɓa kama sunana ba, ga shi ni ce 'yar fari, ga shi sunan surukarta ne. “Ke” kawai take cewa. Kaka takan zo kaina ta ja babban yatsan ƙafata ta ce, “Takwara, tashi. Ruwan kirki yana ƙasan rijiya, in kika tsaya miƙa wata za ta kwashe.” Gaskiya ta faɗa. Rijiyarmu da rani tsattsafowa take yi, a dare ne ruwa yake taruwa kaɗan-kaɗan ya kwanta. Wadda ta fara zura guga ita ke samun mai haske, wadda ta makara sai laka, ta zo gida tana jira ya tace. In na yi ƙorafin barci bai ishe ni ba, Kaka ta ce barcin bayan asuba bai taɓa ƙosar da kowa ba, nauyin jiki kawai yake ƙarawa. Kafin rana ta ɗaga na kai tulu gida, na share tsakar gida, na kora awaki wajen makiyayi, na taya Inna surfe, mun ci ɗumame. Ban ɗauki wannan a matsayin wata tarbiyya ba a lokacin. Haka na ga kowa yana yi.

Ban san amfanin abin ba sosai sai daminar da kurkunu ya kwantar da Baba. A lokacin na fara zama budurwa, ƙanena kuwa yana tatata, waɗanda ke tsakaninmu duk sun koma. Jikokina ba su ma san sunan kurkunu ba, kuma na gode wa Allah da hakan. Tun da aka haƙa mana foraj, rijiyar burtsatse, aka koya wa mata tace ruwa da ƙyalle, ya ɓace daga ƙasarmu. A da kuwa ba mu san daga ruwan tabki yake ba. Da damina kowa daga tabkin bakin gona yake sha, sai shekara ta zagayo tsutsar ta nemi hanyar fita. Wurin zai yi ƙaiƙayi, ya yi bororo, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, sannan farin kanta ya leƙo kamar zare. A naɗe ta a ɗan tsinke, kullum a ja kaɗan, ba a gaggawa, don in ta tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ke nan. Kuma ba ya tashi fitowa sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar ƙafar kowa. Baba ya yi shuka yana ɗingishi, yana sara da sungumi, ni da Inna muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige. Hatsi na tsirowa ƙafa ta biyu ta kama, ɗaya a idon sawu, ɗaya a gwiwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida, ko bayan gida sai an riƙe shi.

Gona ɗaya muke da ita ta kirki, gonar jigawa, mai ɗan nisa da gari. Ruwa ya yi kyau a farkon daminar nan, ciyawa ta taso tare da hatsi har tana neman rufe shi. Wata rana da la'asar Baffa ya shigo, yayan Baba, ya zauna a gefen tabarma ya duba ƙafafun, ya girgiza kai. Ni ina gefe ina tankaɗe, Inna tana bayan zana wajen murhu.

Baffa ya ce, “Na biyo ta jigawa ɗazu. In aka ƙara jinkiri ba a sa mata hauya ba, ta tafi. Ga shawarata. Ka bar mini ita bana, yarana su nome, in Allah ya kai mu kaka in ba ku abin da ya sawwaƙa. Wannan kuma,” ya nuna ni da haɓa, “a kai ta Birni wajen 'yar'uwarmu ta riƙa taya ta aiki, a rage baki ɗaya.”

Baba ya dubi tsinken da ke ƙafarsa. Baffa ba mugun mutum ba ne, taimako ya kawo iyakar ganinsa. Amma kowa a gidan ya san yadda irin wannan aron yake ƙarewa. In wa ya nome gona shekara guda, ya zuba mata taki, ƙane ba ya iya buɗe baki ya ce a mayar masa. Baɗi a ce ai ƙafar ba ta gama warkewa ba, baɗin baɗaɗa yaran da suka yi mata wahala su ce tasu ce. Ni kuma na san 'yan matan da aka kai Birni taya aiki, daga can ake aurar da su, sai dai su zo ganin gida.

Inna ba ta saba magana a gaban Baffa ba, gaisuwa ma a durƙushe take yi ta wuce. Ranar sai muka ji muryarta daga bayan zana. “Yaya, a yi mini haƙuri in sa baki.”

“Ina jin ki.”

“A ba mu zuwa tsayuwar wata. In noman fari bai ƙare ba, yadda ka ce haka za a yi.”

“Ke da wa?”

“Ni da ita.”

Baffa ya dube ni, ya dubi hannuwana da gari ya yi wa fari. Ya ce, “'Yar gayaunar mata daban, gandu daban. Wannan gonar namiji ƙaƙƙarfa ma sai ya ji a jikinsa.” Ya juya wajen Baba. Baba ya ce a hankali, “Yaya, a bar su su gwada.” Baffa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in wata ya tsaya zai zo ya gani da idonsa.

Farkon fitarmu mun yi ta ne yadda muka saba. Muka gama ɗiban ruwa da daka da ɗumame, muka gyara wa Baba wuri, sannan muka ɗauki hauya. A ƙasarmu da hauyar tsaye ake noma, mai dogon ƙota, ana tura ta a ƙarƙashin yashi tana yanke saiwar ciyawa. Kafin mu isa jigawa hantsi ya dubi ludayi, yashi ya fara ɗumi. Muka yi ta turawa har rana ta take. Zufa tana shiga mini ido, tafin ƙafata yana ƙuna, in na waiwaya in ga ɗan abin da muka yi, in na duba gaba in ga ciyawa har inda ido ya tsaya. Muka jure haka 'yan kwanaki. Ranar da abin ya ƙi, ina cikin turawa na ji shiru a bayana, na juya na ga Inna a durƙushe ta dafa ƙasa tana amai. Na ja ta zuwa gindin gawo, wanda da damina ba shi da ko ganye, na yayyafa mata sauran ruwan gora. Ta daɗe kafin ta gane inda take. Muka dawo gida ina riƙe da ita da hauya biyu a kafaɗa.

Kaka ta dube mu ba ta ce sannu ba. Sai da Inna ta sha ruwa ta kwanta, sannan ta ce, “Kun ba wa turmi da rijiya sanyin safiya, kun kai wa gona ragowar ƙarfinku a cikin rana. Wa ya gaya muku haka ake yi?” A ranar ta sake mana tsarin gidan gaba ɗaya. Daka ya koma la'asar, a dama fura a rufe tun da yamma. Ruwa a ɗebo da carar farko. Yaron da ƙafar Baba ita za ta ji da su, har jan tsutsar, don hannunta ya fi na kowa haƙuri. Mu kuma mu kama hanya tun ba a kira assalatu ba, mu tafi da buta, mu yi sallah a bakin gona. Baba ya ce hanyar jigawa akwai kura. Kaka ta ce kura ta fi son awakin bayan gari, kuma ba ta taɓa jin ta tari mutum biyu masu sanda ba.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Inna a gaba da sanda da ƙwaryar fura a ka, ni a baya da hauya da buta. Gamzaki yana can gabas a saman jigawa, shi muke dosa. Raɓa tana jiƙa mana bakin zane, kwaɗi suna ta kuka a tabki, in mun matso su yi tsit, in mun wuce su ci gaba. Inna takan yi gyaran murya da ƙarfi lokaci-lokaci don abin da ke kwance a hanya ya kauce. Ranar farko don tsoro kowane kalgo sai in ga kamar wani abu ne a tsugune. Muna isa bakin gona sai mu jiyo ladan daga nesa, siririyar murya kamar daga wani gari. Mu yi alwala da ruwa mai sanyi, mu yi sallah a kan yashi, mu sha fura, mu zauna jiran haske. Dole a jira, don ƙaramin hatsi da ciyawa kamarsu ɗaya a duhu. Da zarar an iya bambance su sai mu miƙe.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Yashin asuba yana da laushi da danshi, hauya tana shiga tana tafiya kamar ana tura ta a cikin gari. Jiki bai gaji ba, ƙishirwa ba ta taso ba, ƙuda bai farka ba. Abin da muke yi daga wayewar gari zuwa hantsi ya fi abin da muka yi ta fama da shi a wuni guda a baya. Ga wani abu kuma, ciyawar da aka yanke da safe rana ce take ƙarasa ta, kafin azahar ta yi yaushi ta mutu. Wadda aka yanke da yamma kuwa raɓa takan farfaɗo da ita, ka dawo ka tarar ta sake kama ƙasa. Wato ranar da ta kayar da Inna ita ce ta koma tana yi mana rabin aikin muna gida. Da walaha, sa'ad da yashi ya fara cizon ƙafa, sai mu saɓa hauya mu juyo. A hanya mu haɗu da masu fitowa yanzu, su ce, “Har kun taso?” Inna ta ce, “Mun ɗan taɓa.” Mu isa gida ta shayar da yaro, mu yi wanka, mu kwanta a inuwa har azahar. Ban taɓa yin barci mai daɗin wannan ba, kuma da an yi isha'i ba mai sake jin motsina.

Hannuwana suka yi kanta, kafin nan kuwa sai da suka yi bororo suka fashe. Wata asuba a bakin gona na kasa riƙe buta. Inna ta kamo hannuna ta juya shi ta duba a ɗan hasken da ya fara fitowa. Ta ciro ɗan man shanu da ta ƙulla a ganye, ta shafa mini, ta yage bakin tsohon ɗankwalinta ta naɗe mini tafin hannu biyu. Duk tana yi ba ta dubi fuskata ba. Da ta gama ta ce, “Ke, ki daina damƙe ƙotar kamar za ta gudu. Sassauta.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ɗiyan fari a zamaninmu ba sa samun fiye da haka daga uwa, kuma ya ishe ni.

Ana cikin haka tsutsar gwiwar Baba ta tsinke. Ba laifin Kaka ba ne, juyi ya yi a barci tsinken ya maƙale a tabarma. Ƙafar ta kumbura tun daga cinya har ƙasa, tana sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi. Aka kira wanzami ya yi masa sakiya, ya sa ƙarfe a wuta ya huda wurin. Maza suka danne shi. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba sai ranar, na gudu bayan rumbu na toshe kunnuwa. Washegari da carar farko na ji an taɓa ƙafata. Na ɗauka Kaka ce, ashe Inna ce, har ta ɗora ƙwarya a ka.

Na ce, “Inna, yau ma?”

Ta ce, “Yau ma.”

“Baba fa?”

“Zamanmu a kansa ba zai sa kumburin ya sace ba. In ya tashi abinci zai nema.”

Na tashi ina kuka, na bi ta ina kuka har jigawa, ba ta ce in yi shiru ba. Da haske ya fito na share ido na kama hauya.

Ba gidanmu kaɗai kurkunu ya shiga ba a shekarar. Matar maƙeri, mai tafi a daka, mijinta da babban ɗanta duk suna kwance. Wata asuba muka tarar da ita a bakin rijiya tana jiranmu da hauyarta. Ta ce wa Inna, “Na ga dabararku. In taya ku yau da gobe, ku taya ni jibi.” Na so Inna ta ƙi, don wata ya fara ƙanƙancewa kuma da sauran aiki a gabanmu. Inna ta ce to. Bayan ita wasu mata suka biyo, har muka zama ɗan ayari, ana tafe ana hira ƙasa-ƙasa, tsoron hanya ya fita daga raina. In an jera hauya a gona ɗaya, kafin hantsi sai ka ga an share wuri mai faɗi. Ranakun da muke gonar wasu kuwa sai in riƙa duban sama da asuba ina ganin yadda watan yake sirancewa.

Aka ga sabon wata da magariba, yara suna ta ihu a dandali. Washegari mu biyu kaɗai muka fita, don ranar aikin gonar ɗaya daga cikin matan ce, Inna ta roƙi matan su yi mata uzuri. Abin da ya rage mana wani ɗan zirin ne a can ƙarshen gona, wajen iyaka. Hantsi ya ɗaga muna kai, sai ga Baffa a kan jakinsa. Ya sauka a bakin gona, ya shiga yana tafiya a hankali tsakanin layuka, hannu a baya. Hatsi ya kai gwiwa, ya yi kore shar, busasshiyar ciyawa tana kwance a gindinsa. Ya je har tsakiya, ya tsuguna ya tona ƙasa da yatsa, ya miƙe ya iso inda muke. Inna ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, “Tun yaushe kuke nan?”

Ta ce, “Nan muka yi asuba, Yaya.”

Ya dubi zirin da ya rage, ya dubi tsumman da ke hannuna. Ya ce, “Kawo.” Na miƙa masa hauyar. Ya naɗe hannun riga ya shiga gefen Inna, suka ƙarasa tare, ni ina zaune a kan iyaka ina kallo. Da suka kai ƙarshe ya mayar mini da ita ya ce, “In lokacin maimai ya yi ku gaya mini, zan turo yaro ɗaya.” Bai sake ta da maganar aro ba, haka maganar Birni.

Tun daga daminar nan ban sake jiran a tashe ni ba. Na yi aure, na haifi nawa, na yi sana'ar ƙuli-ƙuli shekara da shekaru, kuma duk abin da na taɓa gamawa a rayuwata kafin hantsi na gama shi. Na lura cewa shawarar da mutum ya yanke da asuba ba kasafai yake da-na-sani a kanta ba, don kai bai cika da maganganun mutane ba tukuna. Na lura faɗan gida da yamma yake tashi, sa'ad da kowa ya gaji. Yaran yanzu suna cewa lokaci ba ya isarsu, ga karatun lakwal, ga aiki, ga cunkoso a hanya, kuma na yarda duniyarsu ta fi tamu hayaniya. Amma yini bai ragu ba. Sun yanke masa kai ne sun liƙa a wutsiya, inda ba sanyi ba ƙarfi.

Baba bai taka ƙasa da kyau ba sai da hatsi ya fitar da kai. Gwiwar ba ta koma daidai ba har ƙarshen ransa, da sanda yake tafiya. Mun yi girbi, ba irin na shekarun da yake da lafiya ba, amma rumbu ya ɗauki abin da ya kai mu wata damina ba mu roƙi kowa ba. Bayan an gama ɗaukar dammuna, wata asuba na fito zan tafi rijiya na nemi tulu na rasa, guga ma babu. Inna ta fito tana tambayata inda na ajiye su. Muna cikin dube-dube gari ya fara haske, sai muka jiyo dariyar mata daga wajen rijiya, tana matsowa. Can sai ga Baba ya shigo, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallafe tulu a ka, ba ko gammo, rigarsa ta jiƙe sharkaf tun daga wuya. Matar maƙeri tana biye da shi da gugarmu, dariya ta hana ta magana. Namiji magidanci da tulu a ka, a layin mata, ba a taɓa gani ba a garin.

Kaka ta leƙo daga ɗakinta ta ce, “Kai kuma lafiya?”

Baba ya sauke tulun da ƙyar a gaban Inna. Ya ce, “Ta nome mini gona. Na ce yau dai in ɗebo mata ruwa.”

Inna ta leƙa cikin tulun. Ta daɗe tana kallo, ko rabi bai kai ba. Ta ce, “Malam, sauran a hanya ka shayar?” Ta ɗauke shi ta nufi randa, ta juya mana baya. Ruwan da bai fi a juye shi a numfashi ɗaya ba, ta daɗe a tsaye a wurin ba ta waiwayo ba.